Tafiyar Dakwaro: Abin da Karnen Yara Ya Nuna Mana

 

Cikin sanyin da ya wuce, bayan hatsi ya shiga rumbu, ƙungiyoyin asusu na unguwarmu suka tura mu mu uku ziyara arewacin jihar Maraɗi, wajen Dakwaro. Aikin da aka ba mu shi ne mu ga yadda ƴan uwanmu na can ke riƙe littafin zubi da yadda suke rabon ƙarshen shekara. Wannan mun riga mun kai bayaninshi a taro. Abin da zan ba ku labari yau wani ne daban. Duk garin da muka sauka, da an ji cewa na yi yaƙi da jahilci ina iya karatu, sai mata su shiga ɗaka su fito da karnen yaransu, su ce: "Malama, duba mini ranar komawa lamba." Cikin kwana biyar na duba karne masu yawa. Kuma na lura da abu ɗaya: muna nisa da kwalta, gidajen da ake cikewa cikin karne suna ƙara zama wayam.

Daga Maraɗi zuwa Dakwaro tafiyar sama da kilomita 100 ce. Ki wuce Tibiri, ki miƙe arewa, ki ratsa Sabon Mashi da Kornaka. Da farko gonaki ne jere da gawo da rumbuna. Can gaba itatuwa su fara raguwa, sai aduwa da magarya da tumfafiya, yashi ya yi yawa, hazo ya rufe sama. Motar da muka shiga ta ɗauko mutane da buhunan wake da awaki biyu bisa rufi, muka isa da ƙura har cikin haƙora.

Zangonmu na farko wani babban gari ne bakin hanya, mai kasuwa da gidan likita. Muka yi sa'a ranar lamba ce. Tun hantsi mata sun cika rumfa, kowace da goyo, wasu sun kwano hanya tun asuba. Da aiki ya lafa na gaida majo, na roƙe shi ya nuna mini yadda abin yake. Ya buɗe mini firigo mai aiki da hasken rana, ya ce maganin lamba ba ya son zafi, ba ya son ƙanƙara, sanyinshi tsakanin digiri 2 da 8 ne. Ya ɗauko ƴar kwalba ya ce wannan ta dussa ce, wadda wasu ke kira ƙyanda ko baƙon dauro, kuma ta yara 10 ce. Ta BCG, wadda ake yi wa jariri a hannu saboda tarin fuka, ta yara 20 ce. Da an dama maganin, awa 6 kaɗai yake da ita, abin da ya rage zubarwa ake yi. Shi ya sa gidajen likita da yawa ke ware rana ɗaya, a tara yara sannan a buɗe kwalba.

Wannan bayani ya warware mini wani ƙulli. Sau nawa muka ji mace ta ce, "Na kai shi an ce in dawo, ni kuwa ba ni komawa"? Ita a ganinta wulaƙanci ne. Shi ma'aikaci a ganinshi tattalin magani ne. Ba wanda ya zaunar da ita ya gaya mata dalili, ba wanda ya sanar da ita ranar tun tana gida. Mace ta bar daka, ta bar ɗibar ruwa, ta biya kabu-kabu jika guda zuwa da dawowa, a ce mata sai wani sati. Ko ni ce sai na yi tunani kafin in koma.

Bari in jera muku ranakun yadda majo ya maimaita mini, don wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Ranar haihuwa ko cikin kwanakin farko: BCG da ɗigon shan inna. Sati 6, sati 10, sati 14: allurar nan mai haɗa cuta 5, cikinsu akwai mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta da ciwon sanƙarewa da likita ke kira tetanos, a haɗa da ta ciwon huhu da ɗigon zawo da na shan inna. Wata 9: dussa da shawara da sanƙarau. Sannan a koma wa dussa karo na biyu bayan yaro ya shekara, kafin ya cika biyu. Duka kyauta ne. Mu da ba mu lissafi da sati, ga hanya mai sauƙi: sati 6 kwana 42 ne, wato kwana biyu bayan arba'in. Da kin gama wanka, lamba ta zo.

Inda aka fi yin asarar yara kuwa, tsakanin sati 14 ne da wata 9. Kusan wata shida ba a neman ki, yaro ya fara rarrafe, lafiyarshi lau, damana ta faɗi, noma ya taso. Karne da yawa da na duba, layi uku na farko a cike, gidan wata 9 fari fat. Ita kuwa dussa ba ta da wasa, yaro ɗaya ya kawo ta gida sai ta bi duk wanda ba a yi wa lamba ba.

Kashegari muka bar kwalta. Amalanken shanu aka aiko mana, muka yi kusan awa biyu cikin yashi kafin mu ga rumbunan garin da za mu kwana. Ƙaramin gari ne, rijiya ɗaya, masallaci ɗaya, ba gidan likita. Maza ƙalilan muka gani, yawancinsu sun tafi cin rani, wasu Najeriya, wasu Agadas, wasu Libiya. Amma ƙungiyar asusunsu tana da ƙarfi, mata 28, akwatin ƙarfe mai makulli uku, ba wadda ke fashin zubi. Bayan an rufe akwati sai shugabarsu ta ce kowace mai goyo ta kawo karne in duba.

A birni mun saba jin ana cewa mutanen ƙauye sun ƙi lamba. Na zauna da waɗannan mata har la'asar, na tambayi kowace wadda karnenta bai cika ba, kuma kalmar ƙi ba ta dace da yawancinsu ba. Wata ta ce haihuwar fari ce, ta tafi wanka gidan iyayenta, karne ya zauna gidan miji. Wata ta ce gara ta ci karnen, tana jin tsoron faɗan ma'aikaciya. Wata ta ce a gida ta haihu, an gaya mata duk wadda ba ta haihu likita ba sai an kunyata ta gaban mutane. Wata ta ce maigida na Libiya, bai bar izini ba, surukarta kuma ta ce ba ruwanta. Wata yarinya ta sunkuyar da kai ta ce zane ɗaya gare ta, ba ta iya shiga cikin matan babban gari da shi. Wannan ta fi tsaya mini a rai. Yaro ya rasa rigakafin dussa saboda zanen uwarshi ya tsufa.

Sai wata mai ƙarfin hali ta ce: "Malama, ni dai gaskiya ni na hana. Da sunka yi ma ɗiyana allura, kwana biyu jikinshi kamar garwashi, cinya ta kumbura, bai barci ba ni ban barci ba. Ubanshi ya ce na kai mishi yaro lafiya lau na dawo da shi da ciwo."

Na ce: "Ƙanwata, kafin a yi allurar an gaya miki haka na iya faruwa?"

Ta ce: "Wa zai gaya mini? Layi ne, a soka a ce wuce."

To, ƴan uwa, a nan maganar take. Masassarar kwana ɗaya ko biyu bayan allura, da ɗan kumburi, da kuka, abu ne sananne, jiki ne ke koyon faɗa da cutar. BCG kuwa takan yi ɗan ƙurji ta fashe ta bar tabo. Uwar da aka gaya wa wannan tun da wuri, in masassara ta zo sai ta ce, "Yauwa, ga abin da aka ce," ta ƙara ba shi nono, ta rage mishi tufafi. Wadda aka ɓoye wa kuwa sai ta ga an yaudare ta, kuma ba za ta yi shiru ba, gari duka sai ya ji. Haka nan dole a gaya mata alamun da ba a zama da su gida: in yaro ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, ko numfashi ya yi mishi wuya, ko masassara ta wuce kwana biyu tana ƙaruwa, a koma likita nan take. Kuma a gaya mata lamba ba ta hana kowane ciwo. Yaron da aka yi wa zai yi mura, zai yi zawo wata rana. Wanda ya ce miki da an yi lamba ciwo ya ƙare, ya ɗora wa lamba alkawarin da ba ta ɗauka ba.

Da dare, bayan mun ci tuwo, wata ta kawo waya ta kunna mana saƙon murya da mijinta ya turo ta WhatsApp. Wani mutum ne da ba a san ko wane ne ba, yana rantsuwa cewa lamba dabara ce ta hana mu haihuwa. Mata suka yi tsit suna kallona. Ban riga na buɗe baki ba wata tsohuwa, ungozomar garin, ta ce: "Wannan magana ta girmi wayarku. Tun ana ɗigon shan inna gida-gida muke jin ta, daga Kano ta zo."

Inna ta yi gaskiya, kuma ya kamata mu san tushen abin don kada mu ɗauki masu tsoro a matsayin marasa hankali. A 1996, lokacin wata babbar annobar sanƙarau, wani kamfanin magani na Amurka ya gwada sabon magani kan yara marasa lafiya a Kano. Wasu yara suka mutu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, magana ta kai kotu ta yi shekaru. Wancan maganin jinya ne, ba lamba ba ce, amma zuciyar mutane ta riga ta ƙonu. A 2003 jihar Kano ta dakatar da ɗigon shan inna saboda zargin hana haihuwa, ba ta koma ba sai 2004 bayan an yi gwaje-gwaje. Cikin wannan tsakani cutar ta sake bazuwa ƙasashe da dama, yara da yawa suka gurgunce. Mu da Katsina da Kano uwa ɗaya uba ɗaya muke, abin da aka faɗa kasuwar Jibiya da safe, da yamma yana Maraɗi.

Na ce musu ni ba likita ba ce, amma ina da ido. Na tambaya: "Cikinku wa aka ɗiga wa maganin shan inna tana yarinya, aka shafa mata baƙi a yatsa?" Ƴan matan da ke wurin kusan duka suka ɗaga hannu. Na ce: "To, wannan da ke bayanki fa, tsintar shi kika yi?" Aka fashe da dariya. Inna ta ƙara da nata, ta ce a zamaninta in dussa ta shiga gari, gida ɗaya sai a fitar da yara biyu cikin sati, har mata ba su ƙirga ɗa cikin ƴaƴa sai ya yi dussa ya tashi. Ta ce su tambayi kansu yaushe rabon da su ga sabon gurgu na shan inna yana ja da gindi. Maganar Inna ta fi tawa shiga, don ita ta yanke cibiyar rabin mutanen da ke zaune.

Akwai tambayar da wata ta yi, wadda nake so mu riƙe ta da mutunci: "Don me ɗigon shan inna ke biyo mu har ɗaka sau da sau, amma in yaro na masassara mun je likita a ce magani ya ƙare?" Tambaya ce ta gaskiya. Tun 2006 gwamnati ta ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, kuma duk mun san magani kan yanke. Amsar da na iya ba ta ita ce shan inna ba ta da magani in ta kama, ta kashi take bi daga yaro zuwa yaro, kuma ɗigo ɗaya ba ya isa, shi ya sa ake maimaitawa. A 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar, amma wani nau'inta na ɓullowa har yanzu inda yara da yawa ba su samu ɗigo ba. Sauran rabin tambayar kuwa, ta ƙarewar magani, ba yaro za a hana ɗigo a kanta ba. Kwamitin da ke kula da gidan likita za a kai wa ita, kuma ya kamata a samu matan asusu cikin wannan kwamiti.

Zango na uku ya kai mu arewa da Dakwaro, wajen kwarin Tarka, inda gonaki ke ƙarewa ƙasar kiwo ta fara. Wata rijiya mai zurfi muka nufa, inda wasu matan Fulani suka kafa asusu da kuɗin nono da man shanu. Tun daga nesa kike jin kukan shanu da ƙarar igiya, jakuna na jan guga suna tafiya mai nisa kafin ya fito. Mata suka tarbe mu da ƙwaryar nono. Hausarsu kaɗan ce, wata budurwa ta yi mana tafinta.

A nan yawancin yara ba su da karne ko ɗaya. Na tambayi babbarsu ko tsoron allura suke. Ta yi dariya, ta nuna garke ta ce duk shekara ana yi wa shanun nan lamba, su da kansu ke kora su wurin, yaya za su so saniya fiye da ɗa? Ta ce masu lambar yara suna zuwa cikin gari, su sanar da maigari, mai shela ya zagaya da Hausa, su kuwa suna daji ba wanda ya aiko. Ranar da labari ya iso, mota ta riga ta koma. In damana ta faɗi kuma sun yi arewa, in rani ya yi tsanani sun yi kudu, ba gidan likitan da ke ƙirga su cikin mutanenshi.

Ta faɗi abin da take so a fili: a gaya wa arɗo da wuri, a zo bakin rijiya da safe lokacin shayarwa, a zo da mai jin Fulatanci, in da hali mace. A ƙasar Cadi an taɓa haɗa lambar dabbobi da ta yaran makiyaya rana ɗaya wuri ɗaya, kuma mutane sun fito. Wannan baiwar Allah ba ta taɓa jin labarin Cadi ba, amma shawararta ke nan.

A hanyar dawowa mu uku muka yi ta juya maganar. Tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ya fara a 1991, yau ya kai ƙasashe da yawa. Ma'aikacin lafiya na zuwa ƙauye lokaci-lokaci, rediyo na magana ta wuce, mu kuwa kowane sati muna zaune tabarma ɗaya. Mun san wadda ta haihu, mun san wadda mijinta ya tafi, mun san wadda ba ta da kuɗin kabu-kabu. Ga abin da muka kawo wa ƙungiyoyinmu, kowace ƙungiya ta ɗauki wanda ya yi mata.

Sau ɗaya a wata, bayan zubi, a fito da karne, mai karatu ta duba ta faɗi ranar kowa da ƙarfi. A zaɓi mace ɗaya da za ta riƙa tambayo ranar lamba daga gidan likita ko wajen mai faɗakarwa na gari, don kada kowa ta yi tafiyar banza. Masu goyo su tafi tare, amalanke ɗaya, kuɗin ya fito daga asusun taimako yadda muke yi wa biki da rasuwa. Wadda karnenta ya ɓace ko ta haihu gida, wata babba ta raka ta ta yi mata magana, yaron da ya makara ana ci gaba da yi mishi daga inda ya tsaya. Wadda ba ta da zane, a ara mata ba tare da an ji ba. Kafin maza su tafi cin rani, a nemi izinin lamba gaban uwar miji, in da makarantar mazaje a garin, irin wadda aka fara a jihar Damagaram, a kai musu maganar, a haɗa da liman. In saƙon murya ya shigo, kada a tura gaba, kada kuma a zagi wadda ta kawo shi. A kunna shi cikin taro, a tambayi wane ne mai maganar, a ina yake, abin da ya gagare mu a kai wa majo a dawo da amsa sati mai zuwa. Kuma a tuna da matan da ba su cikin asusu: baƙuwar da ke bakin gari, matar makiyayi, mai naƙasa, wadda talauci ya hana zubi. Yaransu da namu rijiya ɗaya suke sha.

Wannan aiki zai ƙara yawa nan gaba. A 2024 aka fara lambar masassarar cizon sauro a Nijar, daga Gaya aka soma. Ita ma sau da yawa ake yi, kuma ba ta ɗauke wa kowa gidan sauro ba, ba ta ɗauke maganin da ake raba wa yara da damana ba. Duk sabuwar lamba da jita-jitarta take zuwa. Gara mata su fara jin gaskiyarta, daɗi da ɗaci, daga bakin ƴar uwa.

Ina gaida matan Dakwaro da suka sauke mu suka shayar da mu. Ƙungiyar da ta gwada duba karne, ta aiko mana da labarin yadda ta kaya, mu ji abin da ya yi da wanda bai yi ba. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka cikin akwatinmu. Sai wata fitowa.